Gargaɗi: mai feshin maganin tsatsa da garantin shekara 10 ya cuce ni

Jama'a, duk wanda ya ce muku zai fesa wa ƙasan motarku maganin tsatsa cikin yini guda, ya ba ku garantin shekara 10, ku riƙe kuɗinku. Albashina na wata guda cur na zuba a wannan aikin. Yanzu haka motar tana wajen mai walda, an yanke bodin da ke saman tayar baya ta hagu, ta dama ma ya ce sai an yanke. Albashin wata guda cur. Ina rubutun nan zuciyata na tafasa, in kun ga na haɗa gaba da baya ku yi haƙuri.

Sunan wurin ba zan rubuta ba, don maganar za ta je gaban hukuma. Amma rasit yana hannuna, takardar garantin tana hannuna, hirarmu ta WhatsApp ban goge ko layi ɗaya ba, kuma zan saka hotunansu duka.

Kafin wani ya ce me ya kai ni, ku ji yadda aka yi. Ni ba yau na fara riƙe mota ba, kuma ba a kan titi na tsinci mutumin ba. Yana da rumfa, yana da allo, yana da injin feshi, yana da yaran aiki. Na tambaye shi ko zai cire tayoyi, ya ce duka huɗun. Na tambaye shi ko zai kankare tsatsar da ta fara fitowa kafin ya fesa, ya ce ai wannan shi ne aikin, feshi ƙarshen zance ne. Sai ya durƙusa, ya cusa yatsa cikin leɓen ƙarfen nan da ya lanƙwashe ciki a saman taya, ya zaro laka jiƙaƙƙiya, alhali an daɗe ba a yi ruwa ba. Ya nuna mini ya ce, “Yallaɓai, ka ga wannan? Ita ke cin motarka.” Wallahi a nan na yarda da shi. Kuma abin da ya faɗa gaskiya ne, shi ne abin da ya fi ƙona mini rai. Ƙarfe ba ya tsatsa sai ya samu ruwa da iska tare. Taya tana watsa tsakuwa da yashi suna fiffige fentin ciki, lakar da ta maƙale a leɓen ta riƙe danshi dare da rana a kan ƙarfen da ya tsiraita, in kuma akwai gishiri a ciki, na iskar teku ko wanda ake zubawa a titi a ƙasashen ƙanƙara, cin ya ƙara sauri. Ƙarfen bodi kuwa kaurinsa bai cika milimita 1 ba a yawancin motoci. Wanda ya san wannan duka, ya nuna maka da yatsansa, ta yaya za ka ce bai san aiki ba?

Mai gyaran bodi ne ya tona asirin. Na ga fenti ya fara kumbura a gefen tayar baya, ƙuraje ƙuraje a jere, na kai masa. Ya ce tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, shi ya sa take ɗaga fenti daga ƙasa, kuma duk wadda ta kai ga kumbura fenti ta riga ta yi nisa a ciki. Ya danna sukundireba a hankali, ta shige ta fito ta ɗaya gefen. Ya kama baƙin abin da aka fesa ya ɓare shi, ya taho faifai guda. Me ke ƙarƙashi? Laka. Lakar nan dai da mutumin ya nuna mini da yatsa, tana nan inda take, a kanta ya yi feshin. Ko wankewa bai yi ba, balle kankara. Robar da ke lulluɓe da kogon taya ma ba a taɓa cire ta ba, don maƙalanta duk a shafe suke da baƙi. Ya ce, “Alhaji, da an bar motar nan yadda take da ta fi haka lafiya. Wannan kamar a ɗaure gyambo da leda ne ba a wanke ba.” A ganinsa kwalta ce aka sirka da baƙin mai. In ta bushe ta tsattsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, kai kuma kana leƙawa kana ganin baƙi sumul kana jin daɗi.

Albashin wata guda na biya aka rufe mini laka a jikin mota.

Na manta ban faɗa ba, tun ranar da na karɓo ta na ji ƙauri yana tashi in injin ya yi zafi. Na kira mai feshin a take, ya ce magani ne ke kama jiki. Ashe har salansa ya fesa wa, da bututun man burki, da robobin ƙafa, waɗanda baƙin mai ke kumbura su yana lalata su. Ƙofar baya kuma in na rufe sai in ji ruwa na motsi a ciki. Ƙananan hudojin da ke ƙasan ƙofa da ƙasan dogarin mota, wato ƙarfen da ya miƙe a ƙarƙashin ƙofofi, waɗanda aka yi don ruwa ya tsiyaye, duk ya toshe su. Na kira a kan wannan ma. Kar wani ya ce na yi shiru, saƙonnin suna nan da ranakunsu.

Kuɗin kashi biyu cikin uku na feshi ne, rabi kafin alƙalami, rabi ranar karɓa. Ragowar kashi ɗayan na na'ura ne. Wani ɗan akwati ne da ya haɗa da batir, yana da jar fitila mai ƙyaftawa, ya ce yana tura lantarki cikin bodi ya hana tsatsa, irin wanda ake sa wa jiragen ruwa. Nan ma ya jingina ƙaryarsa da gaskiya. Ana kare jiragen ruwa da bututun mai na ƙarƙashin ƙasa da lantarki, amma dabarar tana aiki ne saboda ƙarfen yana nutse cikin ruwa ko jiƙaƙƙiyar ƙasa, su ne ke ɗaukar lantarkin su zagaya da shi ko'ina a jikin ƙarfen. Mota a iska take, a kan tayoyin roba, babu abin da zai kai wutar saman tayar baya. Tun shekarun 1990 hukumar FTC ta Amurka, mai kare haƙƙin masu sayen kaya, ta ɗauki mataki a kan wani kamfani mai sayar da irin wannan na'urar saboda iƙirarin da yake yi a kanta. Ni abin da ta yi mini kawai shi ne shan batir in mota ta kwana biyu a ajiye. Ya ce in ba na'ura garantin shekara 5 ne, in da ita shekara 10. Wa zai ƙi? Mutumin da ya durƙusa a gabana ya zaro laka da yatsa, ya kira ni yallaɓai, ya ce motata amana ce a hannunsa.

Da na koma masa da hotuna, sai ya juya bayan takardar garantin ya nuna mini wani ƙaramin rubutu: garanti bai shafi tsatsar da ke jikin mota kafin aiki ba. Ya ce ai da tsatsarta na kawo ta. To don me na kawo ta? A rasit ɗin da ya rubuta da hannunsa, layin farko kankare tsatsa ne, kuma na biya. Na nuna masa, ya ce yaransa ne suka yi aikin, zai bincika, in ba shi lokaci. Na ba shi. Daga nan kira ba ya shiga, saƙo ba ya tafiya, ranar da na sake zuwa yaron da na tarar ya ce oga ya yi tafiya. Shekara 10 aka rubuta, ko shekara ba a rufa ba. Kuɗin yanka da walda da sabon fenti da ake nema a wurina yanzu ya haura albashin wata gudan da na ba shi, ga kuma kuɗin ɓare ƙazantar da ya shafa, don sai an cire ta kaf kafin a ga iyakar ɓarnar.

Ku dai in za a yi muku, ku tsaya a wurin. A cire taya da robar ciki, a wanke, a bari ya bushe sosai, a kankare har farin ƙarfe ya fito ku gani da idonku, a sa fentin ƙasa mai tutiya, sannan a rufe. Cikin ƙofofi da dogari kaki mai ruwa ake fesawa, hudojin ruwa a bar su a buɗe. Na'urar batir kar ku saya. Bayan takardar garanti ku karanta kafin ku biya ko sisi. Wanda ba shi da halin wannan duka, ya riƙa wanke lakar leɓen taya da ruwa mai ƙarfi, ya shafa fenti a duk inda tsakuwa ta fasa.

Mai walda ya ce gobe zai buɗe gefen dama. Zan ɗauki bidiyo tun daga ɓare baƙin har yankan, in haɗa da rasit da hirar WhatsApp in saka muku.