Aiken ɗalibai zuwa Ma'ajiyar Tarihi ta Kaduna daga Gombe: abin da na samu

Shekara uku ina ɗaga tafiya Kaduna domin neman takardun da suka shafi kakana, wanda ya yi aikin malamin haraji a En'e ta Gombe, kuma kullum aikin ofis da nisan hanya ne suke hana ni, domin sai mutum ya ratsa Bauchi da Jos, ya kashe yini a mota, sannan ya nemi masauki na kwanaki. Da wani abokin aikina ya haɗa ni da wasu ɗaliban tarihi masu karɓar irin wannan aike, waɗanda suke shiga Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna da kuma cibiyar binciken tarihi ta Arewa House a madadin wanda ba zai iya zuwa ba, ban yi wata-wata ba na ba su aikin.

Tsarinsu ba shi da wuya. Mai buƙata yana rubuta abin da yake nema, ya tura rabin kuɗi ta banki, su kuma su nemi izinin ma'aikatan wurin su ɗauki hoton shafukan su turo ta WhatsApp. Abin da na biya gaba ɗaya bai kai kuɗin motar zuwa da dawowa ba.

Makon farko ya tafi a banza. Ɗalibin da aka haɗa ni da shi ya kira ni ya ce, "Baba, na duba duk fayil ɗin da ke ɗauke da sunan Gombe, ban ga sunan kakanku ba." Ya san cewa a zamanin Turawa Gombe tana ƙarƙashin Lardin Bauchi, har ya shiga jerin fayilolin lardin da ake kira BAUPROF, amma bai san cewa hedkwatar masarautar ta tashi daga Gombe Abba zuwa Nafada a 1913, sannan ta koma Gombe Doma a 1919 ba, alhali kuwa a Nafada kakana ya fara aiki. Na kuma tuna masa cewa Turawan mulki yadda kunnensu ya ji suke rubuta sunan mutum, don haka Muhammadu yana iya fitowa ta siga uku a fayil guda. Laifin rabi nawa ne, tun da ni na yi ƙwauron bayani a farko.

Bayan wannan gyara aikin ya yi kyau ƙwarai. A wani rahoton ƙiyasin haraji na ga sunan kakana a jerin ma'aikata, an buga shi da tafireta, tsatsar allurar da ta riƙe takardun ta ci gefen shafin, ga kuma babban yatsan yaron a hoton yana danne takardar don kada ta naɗe. Ya rubuta lambar fayil a ƙarƙashin kowane hoto ba tare da na roƙa ba, wanda hakan ya sa duk mai shakka zai iya komawa ya duba da kansa.

Inda suka gaza shi ne rubutun da ba na boko ba. Akwai wasiƙu biyu na Larabci da rubutun Magaribi a cikin fayil ɗin, kuma ya tsallake su saboda bai iya karanta su ba, sai da na hango gefen ɗaya a wani hoto na ce ya koma ya ɗauko. Wani malami a unguwarmu ne ya karanta mini su bayan sallar la'asar. Haka nan da jarrabawarsu ta zo, mako uku ban ji ɗuriyarsu ba, kuma babu wanda ya sanar da ni tun da wuri.

Duk da haka zan sake ba su aiki a kan yaƙin Bormi na 1903, wanda aka gwabza tsakanin Turawa da Sarkin Musulmi Attahiru, sai dai wannan karon zan fara aika musu da jerin sunayen garuruwa da shekaru, in kuma nemi a haɗa ni da wanda ya yi karatun allo.