Ƙarancin albarushi da yawansa: wanne ya fi fasa bindiga?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce ka ga bidiyon wani Ba'amurke da bindiga ta tarwatse masa a hannu bayan ya harba harsashin da ya ɗura da kansa a gida. Wasu sun ce maka albarushi ne ya yi yawa, wasu sun ce kaɗan ya yi, shi ne kake tambaya: ta yaya ƙarancin albarushi zai fasa bindiga, kuma tsakanin biyun wanne ya fi haɗari? Duka biyun suna fasawa, sai dai hanyarsu ba ɗaya ba ce.

A Amurka doka ta yarda mutum ya tattara kwanson harsashin da aka harba, ya wanke shi, ya sa masa sabon makunni a gindi, wato ɗan abin da ke kunna albarushi, ya auna albarushi ya zuba, ya dasa sabon kan dalma. Masu gasar harbi da mafarauta suna yi don rage tsada, wasu don neman daidaiton saiti. Kamfanoni irin su RCBS, Lee, Hornady da Dillon da wannan sana'a suke ci, kuma akwai littattafan awo da ake bi sau da ƙafa. Awon da giren ake yinsa, giren 7,000 ne fam guda, wato giren ɗaya bai wuce miligiram 65 ba. Albarushin da ke cikin harsashin ƙaramar bindiga sau da yawa bai kai rabin giram ba. Ka ga ke nan abin da ke tsakanin daidai da ɓarna ɗan mitsitsi ne, ido ba ya raba shi sai an duba da gangan. Mu a Najeriya maganar ba ta ma taso ba, domin dokar makamai ta 1959 ta hana mutum ƙera ko haɗa harsashi a gida, aikin masana'antar da gwamnati ta amince da ita ne irin DICON ta Kaduna.

Mu fara da ragaggen harsashi, wanda ya ba ka mamaki. Shi ne wanda aka manta ba a zuba masa albarushi ba, ko aka zuba ɗan kaɗan. Idan aka ja kunama, makunnin gindi zai tashi, kuma ƙarfinsa shi kaɗai ya isa ya tura kan harsashin ya shiga bututun bindiga, amma bai isa ya fitar da shi ba. Sai ya maƙale a ciki. Zuwa nan ba abin da ya fashe, ba wanda ya ji ciwo. Ɓarnar tana cikin harbi na biyu: harsashi mai cikakken ƙarfi ya taho ya tarar da hanya a toshe, sai bututun ya kumbura kamar ya haɗiye wani abu, ko ya tsage gaba ɗaya.

Amma shi ragagge yana sallama kafin ya shigo. Ƙarar takan fito a shaƙe, ɗan "fat" maimakon tsawar da aka saba, bindigar ba ta tokari hannu, wani lokaci hayaƙi ya fito ta baya. A bindiga mai ɗura kanta, kwanson ba ya fita, sai maharbi ya ɗauka cijewa ta yi kawai. Nan ne mutane ke halaka kansu, musamman a gasa inda ake lissafin daƙiƙa: hannu ya riga ya saba, sai ya ja saman bindigar ya zubar da kwanson, ya shigar da sabon harsashi, ya harba. Ga toshiyar kunne da kowa ke sanyawa a filin harbi, ga ƙarar bindigogin maƙwabta. A libarba kuwa ko wannan cijewar babu, gangar da ke riƙe harsasanta tana juyawa ne da jan kunama, don haka maƙeran bindiga kan tsaga bututu su tarar da kawunan harsashi sun yi layi a ciki, ɗaya bayan ɗaya. Mai rabo shi ne wanda harsashin ya tsaya masa tsakanin ganga da bututu ya hana ta juyawa.

Wanda duniya ta fi sani a wannan babi shi ne Brandon Lee, ɗan Bruce Lee. A ranar 31 ga Maris 1993 ana ɗaukar fim ɗin The Crow a Wilmington ta jihar North Carolina. Kafin ranar, masu shirya kayan fim sun buƙaci harsasan nuni, waɗanda za a gani a gangar libarba amma ba sa tashi. Maimakon su sayo, sai suka kwance na gaske, suka zubar da albarushin, suka mayar da kawunan, amma makunni mai rai yana nan. Aka ja kunama a kan ɗaya, kan harsashin ya shige bututu ya zauna, ba wanda ya leƙa. Daga baya aka ɗura harsashin ƙara, mai albarushi marar kai, aka harba ta wajensa. Albarushin ya kori wancan kan da ya maƙale, kan ya sami Brandon a cikinsa, ya rasu yana da shekara 28. Bindigar ma ba ta fashe ba a wannan karon, toshiyar ce ta zama harsashi.

Ninkakke kuwa, wato wanda aka zuba wa awo biyu, ba ya sallama. Kamanninsa ɗaya da 'yan'uwansa a cikin akwati, kuma jan kunama ɗaya ya gama aikinsa. Ƙungiyar SAAMI, wadda tun 1926 take tsara ma'aunin makamai a Amurka, ta ƙayyade wa harsashin .38 Special matsin da bai wuce fam 17,000 a kan kowane inci murabba'i ba, na .45 ACP 21,000, na 9mm 35,000. Mai faci yakan yi wa tayar mota iska 30 zuwa 35 ne a wannan ma'aunin. Ana gwada sabuwar bindiga da harsashin da ya haura ƙa'ida da kusan kashi 30 cikin ɗari, a tabbatar tana da sarari. Ninki ya wuce wannan sararin nesa ba kusa ba, domin albarushin zamani yana ƙara saurin ci ne gwargwadon yadda matsi ya ƙaru, saboda haka awo biyu yana haifar da fiye da matsi biyu. A libarba ganga ce ke buɗewa, ƙarfen samanta ya ɓalle ya tashi. A mai ɗura kanta gindin kwanson ne ke yagewa, wutar ta bi ta ƙasa ta harbo ma'ajiyar harsashi, ta tsaga mariƙi a cikin tafin mai shi. Yatsu da idanu ne ke biyan bashin.

Za ka ce ai kwanso zai cika ya zube in an zuba sau biyu. A yawancin harsasan manyan bindigogi haka ne, awo ɗaya ya kusa cika kwanson. Matsalar tana ga irin su .38 Special, wanda aka ƙirƙira a 1898 don baƙin albarushi mai cin wuri. Albarushi marar hayaƙi, wanda Bafaranshe Paul Vieille ya samar a 1884, ɗan kaɗan ɗinsa ke yin aikin, sai ya kwanta a ƙasan dogon kwanso ya bar fili. Awo biyu zai shiga ya zauna lafiya, har a dasa kai a rufe ba tare da wata alama ba. Shi ya sa masu hattara ke zaɓar albarushi mai cika wuri, wanda in an ninka dole ya malalo a gani.

Abin da bidiyon ba zai nuna maka ba shi ne cewa ragagge da ninkakke sau da yawa haihuwar lokaci guda ne. Akwai injin ɗurin harsashi da ke yin aiki ɗaya a kowane jan hannunsa, akwai kuma mai faranti da ke aiki a kan kwanso huɗu ko biyar a tare, yana fitar da ɗaruruwa a awa. A wannan na biyun, waya ta yi ƙara, ko yaro ya shigo, ko makunni ya cije aka tsaya gyara, sai mutum ya dawo bai tuna ko ya juya farantin ba. In ya sake jan hannu bai juya ba, kwanso ɗaya ya sha biyu. In ya juya bai kai hannun ƙarshe ba, wani ya wuce a wofi. Haka kuma albarushi kan cushe a maƙogwaron ma'auni, wannan kwanso ya sami rabi, na bayansa ya sami nasa da ragowar. Don haka wanda ya ci karo da ragagge ɗaya a filin harbi, bai kamata ya cire shi da sanda ya ci gaba da sauran akwatin ba. Kuma ɗora su a sikeli ba ya raba gardama, domin bambancin nauyin kwanso da kwanso kan kai nauyin albarushin kansa a ƙananan harsasai. Sai dai a kwance su duka, ɗaya bayan ɗaya, aiki mai cin rai da mutane da yawa ke gudu.

A ganina ninkakke ya fi muni, saboda ragagge yana ba ka dama biyu, a teburin ɗuri da kuma a filin harbi, shi kuwa ninkakke in ya bar tebur an gama. Maganinsa duk a can yake: a jera kwansuna a haska fitila a leƙa kowanne kafin a dasa kai, ko a sa wa injin na'urar da ke taɓa albarushi ta kulle hannu in awon ya saɓa. Amma kada ka raina ragagge don wannan hukuncin, shi ne ke kama gwanaye, waɗanda hannunsu ya riga tunaninsu sauri.

Akwai na uku da ya fi su duka ɓarna, kuma shi ne ya taɓa mu. Kuskuren gwangwani, wato a ɗauko wani albarushi a zuba a maimakon wani. Albarushin ƙaramar bindiga yana ci da sauri, na babba a hankali, ga sunaye masu kama da juna irin H4350 da IMR 4350 waɗanda ba abu ɗaya ba ne. Wanda ya cika kwanson babbar bindiga da mai saurin ci, bam ya haɗa a gefen kuncinsa. Tsofaffin masu sana'ar ba sa barin gwangwani biyu a kan tebur, kuma abin da ya rage a ma'auni a take suke mayar da shi inda ya fito. Irin wannan ne ke faruwa da bindigar gargajiya ta maharbanmu, mai ɗuri ta baki. Bututunta na baƙin albarushi ne, wani ma daga bututun ruwa ko sandar sitiyarin mota aka ƙera shi. Idan wani ya fasa harsashin zamani ya juye abin cikinsa a irin wannan bindiga don ta ƙara ƙarfi, ko da awon bai kai wanda ya saba zubawa ba, gindin bututun ne zai buɗe, daidai inda fuskarsa da hannunsa suke.