Dutsen Kwatarkwashi ko Dam ɗin Bakolori, ina za a kai yara?

In daga Gusau za ka tashi, Kwatarkwashi ta fi kusa, ka hau titin Funtuwa kawai, kafin ka ankara ga dutsen nan ya tare maka ido, baƙi ƙirin, garin a gindinsa. Da damina wallahi abin kallo ne, ciyawa shar ko'ina, sai ka rage gudu ka sauke gilas. Amma hawansa sai mai ƙarfin gwiwa, yara ƙanana ba za su iya ba.

Bakolori kuwa tafiya ce, ka bi hanyar Sakkwato ta Bunguɗu da Maru har wajen Talata Mafara. A 1978 aka gama gina shi a kan kogin Sakkwato, kuma ni gaskiya nan zuciyata take, ruwa iyakar ganinka, masunta a kwalekwale suna jan koma, gonakin shinkafa ta ƙasa, ka shimfiɗa tabarma a inuwa iska na kaɗa ka, ka sayi ɗanyen kifi yana motsi ka kai wa uwargida.

Sai dai a tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki kafin a tashi, kuma a juyo tun kafin la'asar.