Naira 620,000 na biya, har yau injin goge katako bai iso Zariya ba

Naira 620,000. Da lamba na rubuta don kada wani ya ce kuskure na yi. Kuɗin adashena na shekara guda da kafin alƙalamin ƙofofin mutane, wani ɗan damfara ya kwashe su ta waya ina zaune a shagona a Sabon Gari. Kwana 19 ke nan kunya ta hana ni magana, yau na ga shirun nan shi yake yi wa amfani.

Kafin masu cewa "kai ma da sakaci" su fara, shekarata 16 ina kafinta. Ko guduma ban taɓa saye ba sai na riƙe ta a hannu. Aikin ƙofofi 24 na madaci na samu da teburan cin abinci, ga yara biyu suna ta fama da samfefa da ƙaramin injin hannu, fuskar katako tana fitowa tudu da kwari, da an shafa fenti asiri ya tonu. Shi ne na shiga neman injin girke, na rubuta tambaya a wani zauren kafintoci na Facebook. Da daddare ɗan damfarar ya kira ni.

Wallahi mutumin ya san aiki, abin da yake ƙona mini rai ke nan. Ni babban injin nan mai faffaɗan bel na tambaya, irin na masana'antu. Ya ce, "Malam, wutar shagonka layi nawa ce?" Na ce ɗaya. Ya ce, "To kada ka saya. Wannan sai wuta mai layi uku, janaretanka ba zai ɗauka ba. Ba na so bayan wata biyu ka riƙa zagina." Ya bi su ɗaya bayan ɗaya: mai bel da faifai a haɗe na gefen katako ne da kai da kusurwa, ba zai daidaita maka fuskar ƙofa ba, mai sanda a tsaye na cikin lanƙwasa ne, irin kan gado da ƙafar kujera, abin da ya dace da ni mai ganga ne, inci 16, mai buɗaɗɗen gefe, in tura ƙofa in juya ta in sake turawa, ya cinye faɗin inci 32. Har ya gargaɗe ni cewa in ban haɗa masa mazuƙin ƙura ba samfefa za ta toshe ta ƙona katako, kuma kada in mai da shi filena, wato injin fere katako, kaɗan-kaɗan yake ci. Duk wannan gaskiya ne, na tambayi manya daga baya, babu ƙarya ko ɗaya a ciki.

"Ba na so ka riƙa zagina." Maganar nan ce ta kashe ni. Ina kwance nake jin ta. Ku gaya mini, wane ɓarawo ne zai hana ka sayen na miliyoyi ya tura ka kan na dubu ɗari biyar da hamsin? A nan na saki jiki. Ga shi da Zazzaganci zalla, mota ma "ya" yake ce mata, ya ce shi ɗan cikin gari ne, kasuwanci ya kai shi Legas, har Ƙofar Doka da Tudun Wada ya riƙa lissafa mini.

Na tura 350,000 ranar Talata. A'a, bidiyon ya riga, tun Lahadi ya turo bidiyon inji yana aiki, allo yana shiga yana fita sumul. Na nuna wa babban yarona, ya ce, "Oga, filogin nan ba irin namu ba ne fa." Na ce masa kayan waje ne, ya je ya ci gaba da aikinsa. Yaro ɗan shekara 20 ya gani, ni ban gani ba. Sai da komai ya lalace na tsai da bidiyon na ƙara girmansa, ga 110V da 60Hz a jikin motar injin ƙarara. Wutar Amurka ke nan, mu tamu 50Hz ce, kuma ninkin wancan ƙarfin. Soket ɗin bango ma nasu ne. Ashe a intanet ya ɗauko bidiyon, injin bai taɓa shaƙar iskar Najeriya ba.

To, 350,000 ranar Talata. Alhamis ya turo hoton akwatin katako da sunana a jiki da "ZARIA" da manyan baƙaƙe, da takardar lodi mai hatimi, ya ce cikon 200,000 kafin mota ta tashi. Na tura. Sunan asusun na mace ne, ya ce na maiɗakinsa ne, nasa ya cika iyaka. E, na sani, ba sai kun faɗa ba. Amma na farkon ma ai sunansa daban ne da na Facebook, kuma wa bai taɓa karɓar kuɗi ta asusun mai POS ba?

Asabar wani ya kira, wai direba ne, an tare su a Lokoja kan takardun kwastam, sai da 70,000. Surukina da ke sayen kayan ƙarfe a Panteka ta Kaduna ya ce kada in ƙara ko sisi, tun farko ma ya ce in bari mu je Panteka ko Ƙofar Ruwa a Kano mu gani da ido. Amma mutum ya zuba 550,000, zai bar ta saboda 70,000? Na ranta na tura. 350 da 200 da 70. 620,000.

Kwana biyu na yi ina zarya Kwangila, duk tirelar da ta tsaya sai na leƙa. Lambar direba a kashe. Shi kuma ɗan damfarar ranar Litinin ya ɗaga sau ɗaya ya ce, "Haba Malam, ka yi haƙuri mana, amana ce tsakaninmu," daga nan ya toshe ni, shafin ma ya ɓace. Na kai ƙara banki da wajen 'yan sanda, na bayar da komai a rubuce.

Hotunan hirarmu, rasit uku, takardar lodin bogi da muryoyin da ya turo duk suna nan, zan ɗora su da zarar na rufe lambobin asusuna. Jiya wani kafinta daga Samaru ya ce irin wannan muryar ta kira shi kan injin yanka, don haka yana nan yana farauta.

Kada ku biya kuɗin injin da ba ku kunna da hannunku ba. Ku tafi da guntun katako, ku karanta farantin da ke jikin motar injin.

Mai ƙofofin ya zo da safe, na ce masa ya ƙara mini mako biyu. Guda 9 muka gama, saura 15, da hannu.