Hattara da masu sayar da jabun manifol na turbo a intanet

Jama'a, musamman masu motoci masu turbo da makanikan da ke ɗaura musu kaya, akwai wata damfara da ke yawo a shafukan saye da sayarwa na intanet, kuma tana cin mutane ne saboda ba a gane ta ranar da kaya ya iso. Manifol ɗin salansa ake tallatawa, wato ƙarfen nan da ke tattara hayaƙi daga kowace silinda ya zuba shi cikin turbo, na'urar da hayaƙin ke juyawa don ta tura wa inji ƙarin iska. Hoto ya yi kyau, bututu sai sheƙi yake yi, walda ta jeru tsaf, an rubuta cewa ƙarfe ne mara tsatsa mai lamba 304, wasu ma su ce 321, kuma wai yana hawa kowace irin mota. Ga araha. To, da zarar ka ga an ce yana hawa kowace mota, ka fara ja da baya, domin babu manifol ɗin da ke yin haka. Kowane kan inji da yadda ramukansa suke, kuma bakin turbo kansa iri-iri ne: akwai T25, akwai T3, akwai T4, kowanne da girmansa.

Aikin da wannan ƙarfe ke yi ba ƙarami ba ne. A injin fetur mai turbo, idan an taka mota sosai, zafin hayaƙin kan haura digiri 900 a ma'aunin Salshiyos, har ƙarfen ya yi jajir. Ya buɗe idan ya ɗau zafi, ya tsuke idan ya huce, kullum haka. Ga nauyin turbo rataye a jikinsa, ga jijjigar inji. Shi ya sa kamfanonin mota suka fi yin nasu da ƙarfen zubi mai kauri, masu ƙera na bututu na kirki kuma sukan yi amfani da bututu mai kaurin kusan milimita 3 ko fiye, da faranti mai kaurin milimita 10 zuwa 12 a inda yake manne da kan inji. Lamba 321 da suke rubutawa ba ado ba ce, ƙarfe ne da aka sa wa ɗan titaniyom don ya jure zafi mai tsanani, kuma ya fi tsada.

Abin da 'yan damfarar ke aikowa kuwa, ko dai baƙin ƙarfe ne aka shafe da abin sheƙi, ko kuma mai lamba 201, wanda aka rage masa nikel aka cike da manganis. Nan ne mutane da yawa ke faɗawa. An saba cewa a sa mayen ƙarfe, idan bai kama ba to na gaske ne. Mayen ƙarfe zai tona asirin baƙin ƙarfe, amma 201 ma ba ya kama shi sosai, kamar dai 304. Masu sayarwar sun san da haka sarai, har bidiyo sukan ɗora suna manna mayen ƙarfe yana faɗuwa. Wannan bidiyon bai tabbatar da komai ba.

Ni a ganina, cikin bututun ya fi komai muhimmanci, kuma shi ne ba sa nunawa a hoto. Ka ɗauki tocila ka haska ciki, daidai bayan kowace walda. Mai walda na gaske yakan cika bututun da iskar argon kafin ya fara, sai waldar ta fito sumul ciki da waje. Idan ba a yi haka ba, za ka ga ciki ya yi baƙi ya yi kurzunu-kurzunu kamar ƙanzon tukunya, wani wuri ma digon ƙarfe na reto, ka sa ɗan yatsa ka ji yana ɓantarewa. Wannan ɓarɓashin ba shi da wata hanya sai ta cikin turbo, inda fanka ke juyi fiye da sau 100,000 a minti ɗaya. Ɗan tsaki ɗaya ya isa ya ɓalle bakin fuka-fukinta. Daga nan sai ta fara kuka, sandarta ta yi lilo, mai ya soma zuba cikin salansa. Ka ga manifol mai araha ya ci maka turbo.

Sai farantin. Ka ɗora rula ta ƙarfe a kansa ka ɗaga wajen haske. Idan haske na ratsawa ta tsakiya ko ta gefe, ya lanƙwashe tun wajen walda ba a gyara fuskarsa ba, kuma ba gasket ɗin (shimfiɗar da ake sawa tsakaninsa da kan inji don hana yoyo) da zai toshe wannan na dogon lokaci.

Amma ainihin dabarar tasu ba a ƙarfen take ba, tana cikin garanti. Za su ce akwai garanti, sai dai a ƙasa da ƙananan rubutu an ce ba a karɓar kayan da aka riga aka ɗaura ko aka taɓa. Alhali tsagewa ba ta bayyana sai an ɗaura, an yi ta zafi da sanyi na wasu makonni. Wato garantin ya mutu kafin ciwon ya fito. Sannan sau da yawa ramukan noti ba sa zuwa daidai, makanike kuma don ya taimaki mai mota sai ya ɗauko giranda ya ɗan faɗaɗa rami ɗaya ko biyu. Shi ke nan, an ba su hujja. Kana aika hoton tsagewa, amsar ita ce an sauya wa kayan fasali, laifin wanda ya ɗaura ne. Sai rigima ta koma tsakanin mai mota da makanikensa, mai sayarwa kuma ya rufe shafi ya buɗe wani da sabon suna da tsofaffin hotuna. Hotunan ma yawanci na wani kamfani ne aka sato, kuma tambarin da aka zana a jikin ƙarfe ba shaida ba ne, kowa na iya zana shi.

Akwai wasu kuma masu sayar da tsohon na zubi da ya tsage. A yi masa walda, a goge, a fesa fenti mai kauri, a ce sabo ne. Ƙarfen zubi ba ya son walda ta gaggawa, gefen waldar zai sake tsagewa. Duk inda ka ga fenti ya yi tudu, ko santsi ya bambanta da sauran jiki, musamman a mahaɗar bututu, ka kankare ka duba.

Saboda haka kafin kuɗi ya fita, ka nemi hoton cikin bututu da kaurinsa a milimita, ka faɗi lambar injinka da irin bakin turbonka a rubuce, mai sayarwa ma ya amsa a rubuce. Idan turbonka mai baki biyu ne kuma injin silinda 4 ne da silindojinsa ke kama wuta bi da bi a jerin 1-3-4-2, dole silinda ta 1 da ta 4 su haɗu a rami ɗaya, ta 2 da ta 3 a ɗayan. Ka tambayi mai sayarwa yadda nasa suka haɗu, wanda ya kasa amsa wannan bai san abin da yake sayarwa ba. Kada ka yarda ya janye ka daga shafin zuwa hirar sirri da sunan ragi, kada kuma ka biya ta hanyar da aka tanada don aika wa 'yan'uwa da abokai kuɗi, kamar wadda ke PayPal, manhajar biyan kuɗi ta intanet, domin ba ta da kariyar mai saye. Idan kaya ya iso, ka ɗauki bidiyo kana buɗe kwalin, a gwada shi a jikin inji ba tare da an ɗaure ba. Bai zauna ba, a mayar da shi yadda ya zo, kada giranda ta taɓa shi.

Wanda kuma ya riga ya ɗaura, ya saurari injin da safe kafin ya ɗau zafi. Ƙarar tik-tik da ke raguwa idan ya ɗumama, baƙin hayaƙi a gefen farantin, mota ta yi nauyin tashi, duk alamun yoyo ne kafin turbo. Idan har warin hayaƙi ya fara shigowa cikin mota, a ajiye ta, domin hayaƙin na ɗauke da iskar kabon monoksayid mai kisa. A sauke manifol ɗin, a leƙa fankar turbo da tocila kafin a sayi wani, a kuma kai ƙorafi ga shafin da aka yi cinikin tun wa'adin mayar da kuɗi bai wuce ba.