Sharhi Kan Ejan Ɗin Da Ya Shigar Da Jirginmu Marmaris

Mu huɗu ne a cikin jirgin, ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska wanda tsawonsa mita 12 ne, kuma tun farkon tafiya mai jirgin, wanda shi ne kyaftin ɗinmu, ya ɗora mini alhakin kula da takardu. Da muka yanke shawarar tsallakawa daga tsibirin Rodos na Girka zuwa Marmaris a Turkiyya, tazarar da take kusan mil 25 na teku, sai muka ɗauki ejan da zai tsaya mana a gaban hukumomin tashar. Wannan sharhi a kan aikinsa ne. Ba zan faɗi sunansa ko na kamfaninsa ba, domin akwai inda na yaba masa ƙwarai, akwai kuma inda raina bai kwanta da shi ba, kuma abin da zai amfani mai karatu shi ne ya san irin aikin da yake saya idan ya ɗauki mutum irinsa.

Wanda ya saba shiga ƙasar waje ta jirgin sama bai cika lura da cewa filin jirgin ne yake yi masa rabin aikin ba. Yana sauka hanya ɗaya ce a gabansa, ita za ta kai shi gaban jami'in shige da fice, daga nan ta miƙa shi ga kwastan, ko ya sani ko bai sani ba. A teku babu wannan hanya. Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ba kowace ƙasa damar riƙe ruwan da ya kai har mil 12 daga gaɓarta a matsayin yankinta, amma babu shinge a kan ruwan, babu kuma wanda zai tare ka ya nuna maka ofis. Kai ne za ka san tashoshin da ƙasar ta ware domin karɓar jiragen da suka fito daga waje, ka nufi ɗaya daga cikinsu kai tsaye, ba tare da ka ratse wani lungu ka jefa anka ka sauka ba, komai kyawun wurin kuma komai gajiyarka. Marmaris tana cikin waɗannan tashoshi, kamar Bodrum da Fethiye.

Mafi amfanin abin da ejan ɗin ya yi mana, ya yi shi ne tun jirginmu yana ɗaure a Rodos. Kwana uku kafin ranar tashinmu ya nemi in aika masa hoton fasfo ɗin kowa, da takardar rajistar jirgi, da ta inshora, da shaidar ƙwarewar kyaftin, da jerin sunayen mutanen da ke cikin jirgin. Fasfo ɗinmu ba na ƙasa ɗaya ba ne, kuma nawa yana cikin waɗanda sai da biza ake shiga da su. Na riga na karɓi bizar, hankalina kwance, amma ya ce in turo masa ita ma ya gani da idonsa. Cikin sa'a guda ya kira ni ya nuna mini cewa ranar da bizar za ta fara aiki tana bayan ranar da muka sa za mu iso da kwana biyu, domin mun matso da tafiyar gaba saboda hasashen iska, ni kuwa ban koma na duba takardar ba. Da mun tashi a yadda muka shirya, da mun riga mun fita daga Girka a hukumance, sannan mu iso wata tasha da ba za ta karɓe ni ba, kuma komawa ma tana da nata lissafin, tunda baƙo a ƙasashen yankin Shengen na Turai, wanda Girka take cikinsa, kwana 90 kawai yake da su a cikin kowane kwana 180. Muka ɗage tafiyar da kwana biyu. A ganina wannan kira ɗaya ya biya ladan da muka ba shi, ko da bai ƙara yin komai ba.

Wannan irin kuskure yana da sauƙin aukuwa ga matafiyin teku, saboda ƙa'idar shiga ta ruwa takan bambanta da ta sama ko a ƙasa ɗaya. Amurka, alal misali, tana barin 'yan wasu ƙasashe su shiga ba tare da biza ba idan sun zo a jirgin kamfanin sufuri da ta amince da shi, amma mutumin nan ɗaya idan ya iso a jirgin ruwa na kansa sai ya nuna biza. Ostiraliya tana buƙatar a sanar da ita zuwan jirgi aƙalla sa'o'i 96 kafin ya iso, New Zealand kuma sa'o'i 48. Babu wanda zai haddace dokokin kowace gaɓa, kuma a nan ne mutumin da yake zaune a tashar, yake hulɗa da ofisoshinta kullum, ya fi duk wani bincike da baƙo zai yi daga nesa.

Ranar tafiya muka fita da asuba bayan an kammala mana takardun fita, iska ta yi mana kyau, kafin la'asar duwatsun da suka kewaye mashigar Marmaris sun bayyana. Muna shiga ruwan Turkiyya kyaftin ya sa na ɗaga tuta rawaya a gefen dama na jigon jirgi. Wannan tuta ita ce harafin Q a tsarin siginar jiragen ruwa na duniya, ma'anarta kuwa ita ce jirgina lafiya yake, ina neman izinin hulɗa da tudu. A zamanin da, launin rawaya alamar annoba ce a cikin jirgi, kuma al'adar tsare jirgi a nesa da gari tsohuwa ce ƙwarai: birnin Ragusa, wanda yau ake kira Dubrovnik, ya kafa dokar killace masu zuwa daga wuraren annoba na kwana 30 tun a 1377, daga baya wa'adin ya koma kwana 40. Na ambaci wannan ne domin idan mutum yana zaune a kan jirgi, ga tudu taku biyu a gabansa amma an hana shi takawa, yakan ɗauka wulaƙanci ne, alhali dalilin dokar kare lafiyar mutanen garin ne daga abin da baƙo zai iya shigowa da shi bai sani ba. Kyaftin ya kira tasha ta rediyon oba-oba, wanda muke barinsa kullum a zango na 16 da ake kira da neman agaji a kansa, ni kuma na buga wa ejan waya. Ya gaya mana inda za mu ɗaure, kuma kafin mu gama jan igiyoyi yana tsaye a bakin ruwa da jakarsa.

Abu na farko da ya faɗa bayan gaisuwa shi ne kada kowa ya sauka, ko don zubar da shara, sai ya dawo. Na ji daɗin yadda ya faɗe shi a sarari ba tare da kwana-kwana ba, domin ɗaya daga cikinmu ya riga ya ɗauki takalmansa.

Ofisoshi huɗu ne suke da hannu a shigar jirgi irin namu: na lafiya, da 'yan sandan da ke duba fasfo, da kwastan, da ofishin shugaban tashar jiragen ruwa. Kowanne yana da tambayarsa. Na lafiya yana son ya san ko akwai marar lafiya a cikin jirgi da kuma tashoshin da aka biyo. Na fasfo mutane ne damuwarsa, kuma a nan sai da ejan ya zo ya tafi da mu duka domin jami'in ya haɗa fuska da hoto. Kwastan jirgin kansa suke kallo a matsayin kaya mai daraja da ya shigo ƙasar na ɗan lokaci ba tare da an biya masa haraji ba, don haka suke son tabbacin cewa zai fita, ba za a sayar da shi a ɓoye ba, sannan su tambayi makami da magunguna da yawan kuɗin da ake ɗauke da shi. Duk wannan yana taruwa ne a takardar zirga-zirga da Turkiyya take ba jiragen shaƙatawa na waje, wadda take aiki shekara guda, kuma a cikinta ake rubuta bayanin jirgi da mutanensa da inda za shi. Ya kuma karɓo mana Mavi Kart, wato kati shuɗi, wanda a lokacin ake rubuta kwashe ƙazamin ruwan jirgi a kansa a wuraren da aka tanada, domin an hana zubar da shi a gaɓar. Ban san da zancen katin ba sai da ya kawo shi.

A kan magunguna ma ya yi mana gargaɗi tun da wuri. Jirgin da ke nisa da asibiti dole ya ɗauki akwatin magani mai ƙarfi, har da masu kashe zafi waɗanda doka take sa wa ido, shi ya sa ya ce in rubuta jerinsu, in ajiye kowanne a kwalinsa na asali tare da takardar likita. Jami'in kwastan da ya hau jirgin ya karɓi jerin, ya buɗe akwatin, ya gwada biyu ko uku da abin da ke rubuce, ya mayar. Bai ɗauki minti goma ba.

Inda na fara samun damuwa shi ne a jerin sunaye. Wannan takarda ita ce ƙashin bayan shiga kowace tasha. Hukumar kula da sufurin teku ta duniya, IMO, ta tsara fom guda bakwai a ƙarƙashin yarjejeniyar sauƙaƙa zirga-zirgar jiragen ruwa ta 1965, na biyar a cikinsu shi ne na ma'aikatan jirgi, kuma ko da yake yarjejeniyar ba ta shafi jiragen shaƙatawa ba, jerin da ake nema a wurinmu salonsa ɗaya ne: suna, da ƙasa, da rana da wurin haihuwa, da matsayi a jirgi, da lambar fasfo. Na aika masa nawa babu kuskure, amma ma'aikacin ofishinsa ya sake buga shi, kuma a wajen bugawa ya juya lambobi biyu a fasfo ɗin ɗaya daga cikinmu. Ejan ya miƙo wa kyaftin takardun yana nuna masa inda zai sa hannu, yana cewa lokaci yana tafiya, ofis zai tashi. Na ce, "Kyaftin, dakata in karanta." Na bi su layi-layi da fasfo a hannu har na kai ga lambar. Ya ba da haƙuri, ya koma ya gyara, abin ya ci mana kusan sa'a ɗaya. Kuskuren bugawa kowa yana yi, ba shi ne ya dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne gaggawar da ya yi wa mutumin da zai sa hannu, alhali ya fi kowa sanin cewa sa hannun kyaftin ne a ƙasan takardar, kuma idan aka tsayar da jirgin a teku aka ga lamba ba ta dace ba, kyaftin za a tuhuma, ejan yana can ofishinsa.

Abu na biyu shi ne fasfo. Ya tattara su duka ya tafi da su na tsawon sa'o'i, bai ba mu wata takarda da ke nuna suna hannunsa ba. Babu abin da ya same su, kuma na fahimci haka aikin yake tafiya, amma baƙon da yake zaune a kan ruwan ƙasar da bai riga ya shiga a hukumance ba, kuma babu shaidar ko shi wane ne a jikinsa, ya cancanci ko da layi biyu ne a rubuce da sa hannu. Na yi sa'a ina da kwafin kowanne a cikin jakar da ruwa ba ya shiga.

Na uku kuwa lissafi ne. Da ya gama, sai ya kawo mana jimilla ɗaya a takarda ɗaya, ba a raba abin da ya shiga asusun hukuma da abin da yake ladansa ba. Na nemi ya rarrabe mana, ya ɗan yi jim kamar bai saba jin wannan buƙata ba, amma washegari ya kawo rasit na kowane ofis, kuma da na tara su na cire daga jimillar, ladan da ya rage bai wuce abin da muka yi magana a kansa tun farko ba. Ke nan babu cuta a ciki. Duk da haka ban ga dalilin da zai sa mai gaskiya ya bar abokin hulɗarsa cikin zato na dare guda ba, a kan abin da rubutun minti biyar zai kawar.

Ga wanda yake tambaya ko ya ɗauki ejan, amsata ta danganta da inda za shi. Akwai tashoshin da ofisoshin suke gini ɗaya, fom ɗin gajere ne, kyaftin zai iya gamawa da ƙafarsa kafin azahar, kuma biyan wani a can asarar kuɗi ce. Amma inda ofisoshi suke warwatse, ana shigar da bayanai a kwamfuta cikin harshen da ba ka ji, kuma mutanen jirginka suna ɗauke da fasfo iri-iri, ina ganin ɗaukarsa ya dace, da sharaɗin a tuntuɓe shi kwanaki kafin tashi, a aika masa kowace takarda har da wadda ake ganin ba ta da matsala, a kuma karanta duk abin da ya kawo kafin a sa hannu.

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da ya dawo da fasfo ɗinmu da hatimin shiga a ciki, ya ce yanzu muna iya sauka. Na sauke tuta rawaya na naɗe ta, na bar tutar Turkiyya ita kaɗai a gefen dama, kamar yadda jirgin baƙo yake yi domin girmama ƙasar da ta karɓe shi. Bayan mako uku, da lokacin fitarmu ya yi, shi muka sake kira, sai dai a wannan karon na nemi ya turo mini lissafin a rarrabe tun kafin ya karɓi takarda ko ɗaya, na kuma ce jerin sunayen da na buga da hannuna shi za a miƙa. Ya amince da duka biyun, kuma ya cika.