Allurar bortezomib: wata shida Baba yana kanta, ga ra'ayina

Assalamu alaikum. Tun da aka ce mana Baba yana da kansar ɓargo, wadda likitoci ke kira mayeloma, nake ta neman wani bahaushe da ya taɓa amfani da wannan allura ya faɗi yadda take, ban samu ba, shi ne na ce bari ni in rubuta.

Baba shekara kusan ɗaya yana fama da ciwon baya, mun sha maganin basir mun sha na sanyi, an yi ɗori an yi tausa, ashe ƙashin ne ciwon ke ci ta ciki. Sai da aka ɗebi ɓargo aka auna sannan aka gane. Likitan jini ya rubuta mana bortezomib haɗe da dexamethasone da wani maganin sha. Ita bortezomib asalin sunan kasuwarta Velcade, a Amurka aka fara ba ta izini a 2003, amma mu ta Indiya muke saya don ita aljihu zai iya, ita ɗin ma wlh kullum da farashinta, dala ta motsa ta motsa.

Gari ne fari a 'yar ƙaramar kwalba, miligiram 3.5, sai an zo yi ake narka shi. To nan ne abu na farko da ya ƙona min rai. Ana lissafa ta ne da tsawo da nauyin mutum, 1.3 a kowace murabba'in mita na jiki, Baba kuma ya rame, nasa bai wuce 2.2 ba. Ragowar fa? Na ce Sista don Allah a ajiye mana zuwa wani satin, ta ce ɗana in an narka awa 8 ne iyakarta. Ina ji ina gani kuɗinmu ya shiga kwandon shara, duk sati.

Amma maganar aiki kam tana yi, ba zan ci haƙƙinta ba. Zagaye-zagaye ake yin ta, kowanne kwana 21. Zagaye na biyu Baba ya fara tashi da kansa ya yi alwala, mutumin da sai mun kama shi mu biyu. Furotin ɗin da ake aunawa a jininsa ya yi ta sauka, ƙodar ma ta ɗan farfaɗo.

Na matsa wa likita na ce ranka ya daɗe wai me take yi ne a jiki, ya zauna ya min bayani, ni kuma na ƙara da karatu. Kowace ƙwayar halitta tana da wani ɗan inji mai suna firotiyasom, kamar injin markaɗe, duk furotin da ya lalace ana manna masa alama a jefa shi ciki ya niƙe. Waɗanda suka gano wannan alamar, Ciechanover da Hershko da Rose, har kyautar Nobel suka ci a 2004. Ƙwayoyin mayeloma kuwa masana'anta ce da ba ta hutu, dare da rana suna ƙera furotin marar amfani, sharar su ta fi ta kowa. In ka toshe injin sai shara ta cika musu ɗaki su mutu kafin sauran.

Abin da ya fi ba ni mamaki injin kala biyu ne. Akwai na gama gari da ke ko'ina a jiki, akwai kuma na garkuwar jiki, imunofirotiyasom, wanda ya fi yawa a fararen ƙwayoyin jini, sauran ƙwayoyi kuma suna ƙera shi in kumburi ya taso, sinadarin intaferon gama ne ke ba su umarni. Haƙoransa uku daban ne, LMP2, LMP7 da MECL-1. Ita bortezomib ba ruwanta, duka biyun take toshewa, kan mai uwa da wabi. Shi ya sa masana ke ta neman wanda zai kama na garkuwa kaɗai, kamar zetomipzomib da aka gwada a masu cutar lufus, wadda garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin mutum, amma har yanzu ba su wuce gwaji ba, kar wani ya yaudare ku wai yana da shi na sayarwa.

Yanzu ga inda ta rasa tauraro. Ƙafa. A zagaye na uku Baba ya ce tafin ƙafarsa kamar tururuwa na yawo, da dare kuma kamar ya taka garwashi. Ashe ya yi sati biyu yana ji bai faɗa ba, irin dattakun nan na iyayenmu, wai kar ya ɗaga mana hankali. Allurar tana taɓa jijiyoyi, sanannen abu ne, kuma in aka bari ya yi nisa ba lallai ya koma daidai ba. Likita ya rage ma'auni ya mayar da ita sau ɗaya a sati, da can sau biyu ne, rana ta 1, 4, 8 da 11 cikin kwana 21. Kuma ku tambaya a riƙa yin ta ƙarƙashin fata, a fatar ciki ko cinya, ta fi sauƙi ga jijiyoyi a kan ta hanyar jini.

Sauran ƙananan abubuwa: ƙwayoyin da ke daskarar da jini suna sauka don haka gwajin jini kafin allura dole ne, cikin Baba yakan ɗaure, kuma an haɗa shi da acyclovir kullum saboda ƙwayar ƙarambau da ta kwanta tun yarinta tana iya tashi ta feso ƙuraje masu zafi a gefen jiki. Koren shayi ma an hana shi, wai yana rage mata ƙarfi, Hajiya ta kwashe duk wanda ƴan dubiya suka kawo.

Ba ta warkar da ciwon gaba ɗaya, danne shi take, likita bai ɓoye mana ba. Na ba ta 4 cikin 5. Juma'ar da ta wuce Baba da ƙafarsa ya je masallaci, da sanda dai, kuma har yanzu sai da safa yake kwana.